Zakaran Tseren Keke Da Ya Yi Ta Yawon Neman Aiki

Ran 11 ga watan Oktoba na 2020 aka yi wani tseren keke a ƙasar Beljiyam wanda ake kira Gent-Wevelgem. Da aka gama, sai wani ma'aikacin telebijin ya tare ɗaya daga cikin mahayan da suka iso can baya, ya tambaye shi yadda tseren ya kasance. Mahayin ya buɗe baki zai amsa, sai hawaye. Iyakar abin da ya iya faɗa shi ne, mai yiwuwa wannan ne tserensa na ƙarshe. Sunansa Mark Cavendish, mutumin Biritaniya, shekarunsa 35 a lokacin. Dalilin kukan kuwa shi ne, saura wata biyu da 'yan kwanaki kwantaraginsa ya ƙare, kuma babu ƙungiyar da ta aiko masa da takarda.

Wanda bai san sha'anin ba zai ɗauka wani ɗan ƙaramin mahayi ne. Alhali kuwa a ranar nan mutum ɗaya tak ne a tarihi ya fi shi yawan nasarori a babban tseren nan na kewaya ƙasar Faransa, watau Tour de France. An fara wannan tsere tun 1903. Ana yinsa ne a tsakiyar shekara, cikin mako uku, a raba tafiyar zango 21, kowane zango yini guda, jimlar tafiyar kuwa ta kan kai wajen kilomita 3,400. Akwai mahaya da yawa, ƙwararru kuwa, waɗanda sukan shekara goma suna shiga har su bar sana'ar ba su taɓa cin zango ko ɗaya ba. Cavendish ya riga ya ci 30. Wanda ke gabansa shi ne Eddy Merckx na Beljiyam, mai 34, wanda ya ci nasa tsakanin 1969 da 1975.

Kafin a gane yadda mai irin wannan suna zai rasa wurin aiki, sai an duba inda kuɗin sana'ar ke fitowa. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana da fili, tana da ƙofa, tana da masu yankan tikiti. Tseren keke kuwa a kan hanyar gwamnati ake yinsa, kowa ya ga dama ya zo bakin titi ya tsaya ya yi kallo, ba wanda zai karɓi ko kwabo a hannunsa. Kuɗin nuna tseren Faransa a telebijin yana shiga aljihun kamfanin da ke shirya shi ne, watau ASO. Saboda haka kusan duk abin da ƙungiya ke ci yana fitowa ne daga kamfanonin da ke biya don a rubuta sunansu a rigunan mahaya. Hatta sunan ƙungiyar ba nata ba ne, na mai biya ne. Ƙungiyar da wani dattijo ɗan Beljiyam, Patrick Lefevere, ya daɗe yana shugabanta ta amsa sunan Omega Pharma-Quick-Step, ta koma Etixx-Quick-Step, ta koma Deceuninck-Quick-Step, sa'an nan ta zama Soudal Quick-Step. Quick-Step masu yin katakon daɓen ɗaki ne, Deceuninck kuwa masu ƙera tagogi da ƙofofi. Ran da mai tagogi ya ga tallar ta ishe shi, sai ya naɗe tabarmarsa, in ba a sami wani ba kuwa ƙungiya ta watse, da mahaya, da makanikai, da direbobi, da masu dafa abinci.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda ke da hedkwata a garin Aigle na ƙasar Suwizalan, ita ke tsara ƙa'idojin ɗaukar mahaya. Ƙungiyoyin aji na ɗaya na maza 18 ne, kuma ba a yarda kowace ta wuce mahaya 30 ba. Gurabe 540 ke nan a duk duniya, kuma kowace shekara ga samari 'yan shekara 19 da 20 suna tasowa suna neman shiga. Kwantaragi yana farawa ran 1 ga Janairu, ya ƙare ran 31 ga Disamba. Sabon shiga akan ba shi shekara biyu, wanda ya manyanta kuwa galibi shekara ɗaya-ɗaya ake sabunta masa. Ba a yarda a bayyana cewa wane zai koma ƙungiya kaza ba sai daga ran 1 ga Agusta, amma kowa ya san cinikin tun a Yuli ake ƙulla shi, a ranakun hutun tseren Faransa, lokacin da dillalan mahaya ke cika otal-otal. Daga nan sai mutum ya ci gaba da sa rigar tsohon maigidansa har ƙarshen shekara, kowa kuwa ya san ya riga ya ɗaure kayansa. Wanda Oktoba ta riske shi ba takarda a hannu, barci ya ƙaurace masa. Ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar da shi a aiki, yana ƙirga shekarun da suka rage masa kafin fansho, da wuya ya san irin wannan zaman ɗar-ɗar.

Ba a saba sayar da mahayi daga wata ƙungiya zuwa wata kamar yadda ake yi wa 'yan ƙwallo ba. Galibi jira ake yi kwantaragi ya ƙare. In mutum ya matsu ya tashi kafin lokaci, sai shi da tsohuwar ƙungiya da sabuwa sun daidaita, kamar yadda aka yi a 2025 sa'ad da Remco Evenepoel ya bar Soudal Quick-Step saura shekara guda, ya koma Red Bull-Bora-Hansgrohe. Albashi kuwa tsakanin na sama da na ƙasa tafiya ce mai nisa. A 1984, da attajirin nan na Faransa Bernard Tapie ya ɗauki Ba'amurke Greg LeMond a kan dala miliyan ɗaya na shekara uku, an yi ta mamaki. A 2024 Tadej Pogačar ya sabunta nasa da ƙungiyar UAE har zuwa 2030, jaridu suka ce a kan wajen Yuro miliyan takwas kowace shekara. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ɗan aji na ɗaya a 2021 kuwa bai wuce Yuro 40,000 da 'yan kai ba.

An haifi Cavendish ran 21 ga Mayu 1985 a Douglas, babban garin tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan. Da ya bar makaranta ya yi aikin banki na shekara biyu yana tara guzurin shiga sana'ar keke. Ƙungiyar T-Mobile ta Jamus ta ɗauke shi a 2007. Wannan shekarar ba ta ƙare ba sai da kamfanin ya janye saboda abin kunyar shan haramtattun magunguna da ya dabaibaye tsofaffin mahayan ƙungiyar, wani Ba'amurke mai suna Bob Stapleton ya riƙe ta, har daga baya ta zama HTC-Highroad. A nan tauraron yaron ya haska. A tseren Faransa ya ci zango huɗu a 2008, shida a 2009, biyar a 2010, biyar a 2011, kuma cikin Satumba na 2011 ya zama zakaran duniya a birnin Kwapanhagan. A shekarun nan babu ƙungiyar da ta kai tasu yawan nasarori. Duk da haka a watan Agusta na 2011 Stapleton ya ba da sanarwa cewa ya nemi mai ɗaukar nauyi ya rasa, ƙungiya za ta rufe a ƙarshen shekara.

Rushewar ƙungiya ta fi yi wa irin su Cavendish illa, saboda irin aikinsu. Mahaya iri-iri ne. Akwai masu hawan duwatsu, sirara marasa nauyi, waɗanda su ke cin tseren gaba ɗaya. Akwai barori, masu ɗauko ruwa da tare iska. Akwai kuma 'yan sukuwa, waɗanda ke ɓuya cikin ayari yini guda, sai saura mita 200 a kai layi su zabura da gudun da ya kan kai kilomita 70 a sa'a. Babban abokin gaban mai keke iska ce, kuma wanda ya lafe a bayan wani yana rage wajen sulusin wahalarsa. Don haka ɗan sukuwa yana bukatar zagage, mutum uku ko huɗu da za su jeru a gabansa suna keta iska, kowa ya ƙarar da ƙarfinsa ya kauce, har na ƙarshe ya ajiye shi a bakin layi. Zagin da Cavendish ya fi sabawa da shi a lokacin shi ne Mark Renshaw na Ostareliya. Ashe duk ƙungiyar da za ta ɗauki ɗan sukuwa, ba albashin mutum ɗaya za ta biya ba. Kuma tun da mutum takwas kaɗai ake ba kowace ƙungiya ta kawo tseren Faransa, duk gurbin da aka ba zagi an hana mai hawan dutse ke nan.

Wannan lissafi shi ya raba shi da ƙungiyar Sky ta ƙasarsu. Ya sa hannu da ita na shekara uku daga 2012, amma hankalin Sky yana kan Bradley Wiggins, wanda a shekarar ya zama ɗan Biritaniya na farko da ya ci tseren Faransa. Aka riƙa ganin zakaran duniya, da rigarsa mai zanen bakan gizo, yana komawa bayan ayari wurin mota yana cusa gorunan ruwa a riga yana kawo wa abokan aiki. Ya ci zango uku duk da haka, amma shekara ɗaya ya yi aka rabu da lalama, ya tafi wurin Lefevere ya yi shekara uku. A 2016 ya koma Dimension Data, ƙungiyar Afirka ta Kudu, ta farko daga nahiyar Afirka da ta shiga aji na ɗaya, wadda ke tallata wata gidauniya mai suna Qhubeka mai raba wa 'yan makaranta kekuna. A shekarar ya ci zango huɗu, jimla ta cika 30, kuma ya sa rigar nan ruwan ɗorawa ta jagoran tsere karo na farko.

Daga nan sai abubuwa suka juya. A 2017 likitoci suka sami ƙwayar cutar Epstein-Barr a jininsa, cuta mai sa kasala da mutuwar jiki. Ya lallaɓa ya shiga tseren Faransa, a zango na huɗu suka gogi juna da Peter Sagan dab da layi, ya faɗi allon kafaɗarsa ya karye. A watan Fabrairu na 2018 ya ci zango ɗaya a Dubai, daga shi kuma sai da ya shekara uku bai ƙara cin kome ba. A Yulin 2018 aka sallame shi daga tseren Faransa don ya iso bayan lokacin da aka yanka a wani zangon duwatsu. Cutar ta dawo, ciwon damuwa mai tsanani ya biyo baya, kamar yadda shi da kansa ya bayyana daga baya. A 2019 ƙungiyarsa ta ƙi tafiya da shi Faransa. A 2020 tsohon malaminsa Rod Ellingworth ya jawo shi Bahrain-McLaren, sai ga annobar korona, aka dakatar da tsere wata da watanni, kamfanin McLaren ya janye. Halin da ake ciki ke nan ran da ya yi kuka a Beljiyam.

A wannan shekara ta 2020 akwai wani tsohon zakara ɗan Biritaniya da shi ma ya tashi daga gidansa, watau Chris Froome, haifaffen Nairobi, wanda ya ci tseren Faransa sau huɗu. Kwana ɗaya tak ya girmi Cavendish, don ran 20 ga Mayu 1985 aka haife shi. Shi ma rabonsa da nasara tun 2018, kuma ya yi mummunan haɗari a Yunin 2019 wanda ya karya masa cinya. Amma shi ya dace da wani attajiri, Sylvan Adams, mai ƙungiyar Israel Start-Up Nation, wanda ya ba shi kwantaragin shekara biyar a kan miliyoyin Yuro. Cavendish kuwa sai cikin Disamba Lefevere ya yarda ya karɓe shi, shekara ɗaya, a kan mafi ƙarancin albashi, shi ma sai da aka samo wani kamfani dabam da ya ɗauki nauyin biyan. Masu kuɗin sun yi ciniki ne a kan hasashe, hasashen kuwa bai yi daidai ba ko ta wane gefe. Froome ya cinye shekarunsa biyar bai ci tsere ko ɗaya ba, har a 2023 Adams ya fito fili ya ce kuɗinsa ba su biya ba.

Shi kuwa mai albashin sabon shiga, a watan Afrilu na 2021 ya je tseren Turkiyya ya ci zango huɗu. Ko a lokacin ba a yi niyyar kai shi Faransa ba, don ƙungiyar tana da Sam Bennett na Ailan, wanda ya ci koriyar riga ta 'yan sukuwa a 2020. Ana saura kwanaki a fara sai ciwon gwiwa ya hana Bennett, aka kira Cavendish ya cike gurbi. Ya tarar da zagi irin wanda kowane ɗan sukuwa ke mafarki, Michael Mørkøv na Danmak. Ya ci a Fougères, ya ci a Châteauroux, garin da ya fara cin zango a 2008, ya ci a Valence, sa'an nan ran 9 ga Yuli ya ci a Carcassonne, ya kamo Merckx a 34. A zangon ƙarshe a birnin Paris ya zo na uku. Ya koma gida da koriyar riga, shekara goma bayan ta farko. Ladan cin zango ɗaya Yuro 11,000 ne, kuma bisa al'adar sana'ar ba mai nasara ke cinye shi ba, tarawa ake yi a raba wa mahaya da ma'aikata.

Mai karatu zai zaci bayan wannan sai ƙungiya ta kawo takarda da alƙalami tana rawar jiki. Ba haka aka yi ba. Shi yana ganin ya cancanci albashin da ya dace da abin da ya yi, Lefevere kuwa yana duban shekarunsa 36. Aka yi ta ja har Disamba kafin a sabunta, shekara ɗaya kuma. Kafin nan ma, cikin Nuwamba, ya faɗi a wani tseren cikin ɗaki a Gent, haƙarƙarinsa ya karye, huhunsa ya taɓu. Ya warke, a 2022 ya ci tseren Milano-Torino, ya ci zango a tseren Italiya, ya zama zakaran Biritaniya ana saura kwanaki a tafi Faransa. Aka bar shi a gida. Lefevere ya zaɓi Fabio Jakobsen na Holan, ɗan shekara 25, wanda ya tsallake rijiya da baya a wani haɗari a Folan a 2020. In an yi adalci, dattijon yana da hujja: yaron shi ne jarin ƙungiya na gobe, kuma ya ci zango na biyu a tseren. Sai dai hujjar ba ta rage wa wanda ya rage masa zango ɗaya ya kafa tarihi zafin abin ba. A ƙarshen shekara ba a sabunta masa ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi nuna yadda sana'ar take. Akwai wata ƙungiyar aji na biyu a Faransa mai suna B&B Hotels-KTM, a hannun wani tsohon mahayi, Jérôme Pineau. Ya shirya faɗaɗa ta, ya ɗaura mata sunan birnin Paris, ya kafa ta mata, ya kawo manyan kamfanoni. Jaridu suka yi ta ba da labari cewa Cavendish ne zai zama jagoranta. Aka sa ranar taron 'yan jarida a Oktoba na 2022, aka soke. Nuwamba ta wuce ba kamfani ko ɗaya. Farkon Disamba Pineau ya gaya wa mahayansa kowa ya nemi inda zai sa kansa, ƙungiya ta mutu, a lokacin da sauran ƙungiyoyi suka riga suka cika gurabensu suka kashe kasafinsu. Pierre Rolland, wanda ya taɓa cin zangon dutsen Alpe d'Huez a 2011, ya rataye kekensa daga nan. Zakarar matan Faransa, Audrey Cordon-Ragot, ta faɗa wata ƙungiyar Sifen mai suna Zaaf, ba a yi wata huɗu ba ta fita saboda ba a biyan albashi. Ƙananan mahaya da makanikai kuwa, waɗanda jarida ba ta san sunansu ba, kowa ya ji da kansa. Hukumar UCI ta tilasta wa kowace ƙungiya ajiye kuɗin jingina a banki don irin wannan rana, amma abin da ke ciki bai wuce albashin wata uku ba.

Shi Cavendish abin da ya cece shi masifar wani ce. A Disamban nan ƙungiyar Astana ta ƙasar Kazakistan ta kori Miguel Ángel López na Kwalambiya bisa zargin alaƙa da wani likita da ake bincike a kan haramtattun magunguna. Gurbi ɗaya ya buɗe cikin 30. Ran 17 ga Janairu 2023, bayan an riga an fara tseren sabuwar shekara a Ostareliya, shugaban ƙungiyar Alexander Vinokourov ya ba da sanarwar ɗaukarsa. Astana ƙungiyar masu hawan dutse ce, ba ta saba da renon ɗan sukuwa ba, zagagen kirki kuwa babu. Ran 22 ga Mayu, kashegarin cikarsa shekara 38, a ranar hutun tseren Italiya, ya zauna da matarsa da 'ya'yansa a gaban 'yan jarida ya ce wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Kwana shida bayan haka, a zangon ƙarshe a birnin Rum, aka ga abin da ba a saba gani ba. Geraint Thomas, ɗan wata ƙungiya dabam, wanda jiya-jiya tseren gaba ɗaya ya suɓuce masa da daƙiƙa 14, ya hango abokinsa na ƙuruciya ba isassun zagage, ya shiga gabansa ya keta masa iska. Cavendish ya ci zangon.

A Faransa kuwa, a zango na bakwai a Bordeaux, ya zabura yana gaba sai giyar kekensa ta yi tsalle, Jasper Philipsen na Beljiyam ya wuce shi. Kashegari, ran 8 ga Yuli, a wani wuri da ba gudu ake yi ba, ƙafar kekensa ta taɓa ta wani ya faɗi, ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. Aka sa shi a motar asibiti, kowa ya ɗauka an gama.

Wannan karon maigida ne ya yi roƙo. Vinokourov ya ce in yana so ƙofa a buɗe take, kuma a Oktoba aka sanar cewa ya fasa ritaya, zai ƙara shekara ɗaya. Dalilin Astana a fili yake. Ƙungiya ce da nasarori suka yi wa ƙaranci, ta kuma san cewa zango ɗaya daga wannan mutum zai sa sunanta a jaridun duniya fiye da goma daga wani. Sai ta buɗe jaka: ta ɗauko Mørkøv, ta ɗauko Davide Ballerini, ta ɗauko mai horad da shi Vasilis Anastopoulos na Girka, duk daga gidan Lefevere, Renshaw kuma ya zama ɗaya daga cikin masu ba da umurni daga mota. A Yunin 2024 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir. Tseren shekarar daga birnin Florence na Italiya ya tashi, cikin tsananin zafi da hawa da gangara. A zangon farko aka nuno shi yana amai a kan keke, abokansa suna zuba masa ruwa a ka, ya iso minti 39 bayan na ɗaya, amma cikin lokaci. A zango na uku a Turin, Biniam Girmay na Eritiriya ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a wannan tsere, kuma shi ya tafi da koriyar riga a shekarar. Ran 3 ga Yuli, zango na biyar, kilomita 177 zuwa wani ƙaramin gari mai suna Saint-Vulbas, zagagen Astana suka kawo shi kusa, cunkoso ya raba su, ya riƙa tsalle daga bayan wannan zuwa bayan wancan, ya ga kafa ta hagu ya zabura. Philipsen ya zo na biyu. Zango na 35 ke nan, yana da shekara 39, shekara 16 bayan na farko.

Ya daure ya haye duwatsun da suka rage har aka ƙare a birnin Nice. Ran 10 ga Nuwamba 2024 ya yi tserensa na ƙarshe a Singafo, wani ɗan tseren nishaɗi, abokan sana'a suka jeru suka ɗaga ƙafafun kekunansu ya bi ta tsakiya. Ya bar sana'ar da nasarori 165.

Ba kowa ke samun ya zaɓi ranar tafiyarsa haka ba. Merckx kansa, mai nasarori 525, bai samu ba. Bayan ya bar Molteni a ƙarshen 1976 ya yi shekara ɗaya da Fiat, ya koma C&A, jiki ya ƙi, ya yi tserensa na ƙarshe a watan Maris na 1978, a Mayu ya ce ya bari, yana da shekara 32. Shi dai yana da suna, ya kafa masana'antar ƙera kekuna a 1980. Baran da ya shekara goma yana ɗauko ruwa kuwa, ritayarsa ba taron 'yan jarida, dillalinsa ne zai daina kiransa. Ƙungiyar ƙwadagon mahaya, CPA, tana da wani asusu da ake yanka wani kaso na kuɗin kyaututtuka ana zubawa, a ba wanda ya bar sana'a ɗan abin kama hannu sau ɗaya. Daga nan sai ya nemi aikin tuƙa motar ƙungiya, ko sayar da kekuna, ko ya koma makaranta yana da shekara talatin da wani abu.

Mørkøv ya yi ritaya tare da maigidansa, ya zama mai horad da mahayan Danmak. Lefevere ma ya sauka daga shugabanci a ƙarshen 2024. Astana ta wayi gari tana dab da faɗawa aji na biyu, domin tun daga 2020 jimlar makin shekara uku-uku ake dubawa a raba lasin, kuma zango ɗaya, ko da na tarihi ne, makinsa ƙididdigagge ne. Wani kamfanin kekuna na ƙasar Sin mai suna XDS ya shigo da kuɗi, aka sallami mahaya da dama, aka ɗauko sababbi masu tara maki, ƙungiyar ta tsira a 2025. Kamfanin B&B Hotels kuwa, bayan mutuwar ƙungiyar Pineau, ya koma ya haɗa kai da bankin Arkéa a wata ƙungiyar Faransa. A ƙarshen 2025 su biyun suka janye, ita ma ta rufe. A daidai lokacin ne kuma ƙungiyoyi biyu na Beljiyam, Lotto da Intermarché, suka haɗe suka zama ɗaya, mahayan gida biyu suka koma neman gurabe 30.